Ƙafar Gwaggo Direba a Kan Birki

A bakin kasuwar kayan gini akwai wata bishiya da ta fi zubar da ganye a kan ba da inuwa, kuma a ƙarƙashinta Gwaggo Direba take ajiye a-kori-kurarta. Ƙaramar mota ce fara, ko kuma a ce ta taɓa zama fara, da doguwar kujera ɗaya a gaba da buɗaɗɗen baya. Da ita take ɗaukar ƙofofi da buhunan siminti da firji da katifun masu tashi daga gidan haya.

Ba ta taso da niyyar tuƙi ba. Mijinta ne mai motar, shi ne kuma direbanta, har ciwon suga ya fara cin idonsa. Da ya ga yana ganin mutum ɗaya kamar biyu, sai ya zaunar da ita a gaban sitiyari, shi ya koma gefe yana sauraron inji yana gaya mata lokacin sauya giya. Haka suka yi ta aiki har Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarsa dangi suka taru suka ce a sayar da motar. Ta ce to, ta ji. Washegari ta ɗauki makulli ta fita, kuma tun daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Kusa da ita Mai Rijiya yake ajiye tasa idan yana gari. Ita ma a-kori-kura ce, amma babba, irin wadda sai ka taka ƙarfe kafin ka hau. Faɗinta ya kusan cike layi, idan injinta ya tashi har a ƙirji ake jin sa, ƙugiyar janta kuma a jikin shasi aka ɗaure ta, wato ƙarfen da ke riƙe da motar duka daga ƙasa. Da ita yake jan injin haƙar rijiya zuwa ƙauyuka. Shi da Gwaggo ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba.

"Gwaggo, yau ma an fito kiwo da 'yar akuyar?"

"An fito. Kai je ka shayar da giwarka, tun safe nake jin tana kukan mai."

Kowannensu dai ya san aikin motarsa. Ta Gwaggo tana kutsawa lungun da ta Mai Rijiya ko leƙawa ba ta yi, kuma mai kaɗan ya ishe ta yini. Amma ɗauka daban, ja daban. Kayan da aka ɗora a bayan mota tayoyinta ne ke riƙe da su, birkinta ya san da zamansu. Abin da aka ƙulla a baya ana ja kuwa yana da nasa tayoyin da nasa ra'ayin. In ya fi motar nauyi, a kan hawa shi zai ja ta baya, a gangara shi zai tura ta. Akwai wata 'yar ƙugiya a bambar motar Gwaggo ta baya, wadda marigayi ya sa mai walda ya liƙa don jan amalanken yashi, amma ita ba ta taɓa ƙulla komai a jikinta ba.

Yayanta kafinta ne. Shagonsa yana can ƙasan gari a bakin kogi, inda fili yake da yalwa. Hanya ɗaya ce take sauka wurin, gangara ce mai jar ƙasa da tsakuwa, da kwana a tsakiya, gefe ɗaya katanga, ɗaya gefen lambatu mai zurfi. Abin da ya riƙe shagon shi ne injin yanka da goge katako, baƙin ƙarfe zalla, da nasa injin dizal mai juya shi, duka an kafe su a kan ƙaramar tirela mai taya biyu don a riƙa kai su wuraren gini. Tirelar ba ta da birki. Mai Rijiya ne yake jan ta duk lokacin da buƙata ta taso.

Ranar da abin ya faru ba a yi wani ruwan kirki a garin ba, sai yayyafi da sassafe. Can wajen mafarin kogi aka tafka ruwan, kogin ya kawo musu. Da hantsi wayar Gwaggo ta yi ƙara, ta ga matar Kafinta ce.

"Gwaggon yara, kina ina? Ruwa ya haye gaɓa, ya kusa bakin shago. Yayanki ya ƙi kiran ki, ni na kira."

"Mai Rijiya fa?"

"Yana ƙauye wurin aiki. Ya ce ya taso, amma da nisa."

Tun daga saman gangara ta hango kogin. Ya yi faɗi ya koma launin ƙasa, yana tafe da rassa da robobi da rufin kwanon wani. Mutanen unguwar bakin ruwa suna ta hawowa da kaya a ka. Ta sauka a hankali tana danna musu ham, ta juya motar a ƙofar shago.

Kafinta yana tsaye, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙurar katako ta manne a furfurarsa. Ko gaisawa ba su yi ba. Suka hau loda abin da hannu zai iya ɗagawa, zarto da guduma da akwatin kayan aiki da ƙofofin mutane da bai gama ba. Ta hau da su ta sauke a sama, ta dawo ta ƙara ɗiba. Da ta sauko a karo na gaba ruwan ya riga ya shiga shago, yana yawo da ɓawon katako a ƙasa, ya kai rabin tayar tirela.

Kafinta ya ɗora hannu a kan injin. Matarsa ce ta yi magana.

"Ka bar shi mu tafi. Ƙarfe ne, in ruwa ya janye a wanke shi."

"Ba ya wankuwa," in ji shi, ba tare da ya dube ta ba. "In laka ta shiga cikinsa ya gama."

Gwaggo ta san abin da injin nan yake. Da shi yayanta ya rufa wa gidansa asiri, da shi kuma ya rufa wa nata a lokacin da mijinta yake kwance ba aiki. Bai roƙe ta ba, kuma ta san ko ruwa zai kai masa wuya ba zai roƙa ba. Ta dubi tirelar, ta dubi 'yar ƙugiyar da tsatsa ta ci a bambarta, ta ɗaga kai ta dubi hawan.

"Yaya, ya fi motata nauyi."

"Na sani, Auta. Ki tafi kawai, kin yi iya naki."

Da ya ce ta tafi ne ta ji ba za ta iya tafiya ba.

"Kawo ƙusar ƙulla tirelar," ta ce.

Maƙwabta suka taimaka aka turo tirelar, aka ɗaga hancinta aka ɗora a kan ƙugiya, Kafinta ya zura ƙatuwar ƙusa ta haɗe su. Ana sakin nauyin bayan motar ya zauna, gabanta ya ɗaga kamar mai leƙen katanga. Da Gwaggo ta shiga ta taɓa sitiyari sai ta ji ya yi sako-sako a hannunta, alamar tayoyin gaba ba su dafe ƙasa sosai ba. Duk da haka ta tayar da inji.

"Kada kowa ya bi ta baya," ta ce ta taga. "Ku bi ta gefe. Yaya, da kai nake."

Ta sa giya ta ɗaya ta saki kuloci a hankali. Motar ta yi nishi, ta girgiza, ta motsa. Tirelar ta fito daga ruwa tana zubar da laka. Farkon hawan bai yi tsaye sosai ba, suka ci shi, inji yana kuka da wata murya da ba ta taɓa ji daga gare shi ba. Har ta fara tunanin za su kai.

A kwanar ne hanya ta miƙe tsaye. Ta karya sitiyari, amma motar ta ƙi bin sa yadda ya kamata, gaban yana son wucewa kai tsaye. Ta ɗan sassauta totur don tayoyin gaba su kama, sai gudun ya mutu. Ta sake taka shi, tayoyin baya suka yi juyi a banza suna watsa jar laka. Inji ya yi tari sau biyu ya mutu.

Sai ta ji ana jan ta baya.

Ta take birki da dukan ƙarfinta. Tayoyi huɗu suka kulle, amma motar ta ci gaba da zamewa a kan laka kamar an ɗora ta a kan sabulu. A madubi ta ga tirelar ta karkace tana nufar lambatu. Wata mata ta yi ihu. Aka ji ƙarfe ya daki dutse, komai ya tsaya. Tayar tirela ɗaya ce ta maƙale a jikin wani dutse da ke bakin lambatun.

Ta ja birkin hannu har ƙarshe. Ta taka kuloci da ƙafar hagu ta sake tayar da inji, ta gwada tashi. Inji ya yi ruri, motar ko motsi, sai wani hayaƙi mai warin ƙonannen gashi da ya cika mata hanci. Kuloci ya ƙone. Yanzu ko ta bar motar a cikin giya, giyar ba za ta riƙe komai ba. Ta ɗan ɗaga ƙafar dama kaɗan don ta ga ko birkin hannu zai iya shi kaɗai, nan take motar ta ja baya da kamar tafin hannu, bambar ta yi wata ƙara. Ta mayar da ƙafar da sauri.

Kafinta ya riga ya sunkuya a bayan tirela yana cusa duwatsu a ƙarƙashin taya.

"Yaya, fita daga nan."

"Bari in sa wannan."

"Na ce ka fita daga baya. Ka sa ta gefe."

Ya bi ta gefe. Shi da maƙwabta suka jera duwatsu a bayan kowace taya, amma ƙasar ta jiƙe ta yi laushi, duk dutsen da nauyi ya hau sai ya nutse ya zame. Yayyafi ya dawo, ruwa ya fara gangarowa ta tsakiyar hanya yana cin ƙasar da ke ƙarƙashinsu.

Matar Kafinta ta zo taga da waya a hannu, ta kara wa Gwaggo a kunne. Muryar Mai Rijiya ce, babu wasa a cikinta ko kaɗan.

"Gwaggo, an gaya mini. Kada ki ƙara gwada tashi. Kada ki saki birki ko me za a ce miki. Na kwance injin haƙa na bar shi a bakin titi, ina tafe."

"Kana ina?"

"Na wuce gada."

Ta san gadar da yake nufi, kuma ta san ba kusa ba ce.

Allurar zafi ta hau ta kai ja, tururi ya fara fitowa ta ƙarƙashin bonet. Dole ta kashe inji. Yana mutuwa birkin ya fara yin tauri, sannu a hankali ya koma kamar tana taka dutse, har ta ji yana turo ƙafarta. Ta manna bayanta a kujera, ta miƙe gwiwa, ta riƙe sitiyari da hannu biyu tana dannawa da dukan jikinta. Takalminta na roba ne, ya jiƙe, tana jin tafin ƙafarta yana son zamewa a ciki.

"Matar Yaya, ki sa hannu ki danna mini gwiwa."

Matar ta buɗe ƙofa ta durƙusa a laka, ta ɗora hannuwanta biyu a gwiwar Gwaggo ta danna.

"Haka?"

"Haka. Ki yi ta magana, kada ki yi shiru."

"Me zan ce?"

"Ko me. Ki zagi yayana ma in kina so."

"Wannan ai sai mu kai gobe ban gama ba," in ji matar. Ta fara ba ta labarin kujerar ɗakinta da ta karye tun bara, mijinta kafinta amma har yau a kan bokiti take zama. Gwaggo tana jin maganar sama-sama. Hankalinta yana kan ƙarar da take fitowa daga baya jefi-jefi, ƙarar waldar bamba tana buɗewa.

Kafinta ya zo ɗaya tagar da guduma a hannu.

"Auta, zan buge ƙusar. Injin ya tafi. Na haƙura da shi."

Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Daga inda tirelar take zuwa ƙasa hanyar a miƙe take, kuma cike take da mutane. An tsayar da su can nesa, amma ruwa yana korar su daga baya, suna ta matsowa. Mata da goyo, tsofaffi, wani da akuya a kafaɗa.

"In ka sake shi, a kan wa zai sauka?"

"Zai faɗa lambatu."

"Ka tabbata?"

Ya juya ya dubi tirelar, ya dubi mutanen. Bai tabbata ba. Ya sauke gudumar.

"To ki fito ke. In ya so su tafi tare da motar."

"Yaya, in na fito duka biyun ne za su sauka a kansu. Je ka ka wuce da mutanen nan ta jikin katanga, ɗaya bayan ɗaya. Kada wanda ya taɓa motar."

Tsakanin motar da katanga akwai ɗan wuri da mutum ɗaya zai bi a karkace. Kafinta ya tsaya a nan yana karɓar kaya yana miƙawa gaba, mutane suna wucewa ta gefen ɗaya tagar. Wasu suna yi mata sannu, wasu suna kau da kai kamar kallon ma zai iya ture motar. Sai ga waɗansu maza ɗauke da wani tsoho marar lafiya a kan ƙyauren ƙofa. Ƙyauren ya fi wurin faɗi. Suka tsaya daidai bayan tirela suna shawara.

"Kada ku tsaya a nan," ta ce, amma muryarta ba ta kai ba. Matar Kafinta ta ɗaga murya ta maimaita.

Suka karkata ƙyauren, ɗaya ya rungume tsohon don kada ya zame, suka fara kutsowa. Gefen ƙyauren ya gogi bodin motar yana kankarar fenti. Daidai lokacin cinyar Gwaggo ta ɗaure, wani ciwo ya taso daga diddige ya harba har ƙugu. Ta cije leɓe. Ƙafar tana rawa da kanta, ba ta jin yatsunta, ba ta ma san ko tana dannawa ko ba ta dannawa ba, sai dai ta ga motar ba ta motsa ba. Tsohon ya wuce ta gefen taga a kwance, idonsa a buɗe yana kallon ta, har suka haye.

Bayan su masu hawowa suka ragu, amma ba su yanke ba. Ruwa kuma ya riga ya rufe ƙofar shagon zuwa rabi, ya fara lasar gindin hawan. Dutsen da ya tare tayar tirela ya soma kwanciya, ƙasar da ke riƙe da shi tana zubewa cikin lambatu kaɗan-kaɗan.

Ba ta san tsawon lokacin da ta yi a haka ba. A ƙirji ta fara jin ƙugin kafin kunnenta ya ji. Babbar motar ta bayyana a saman gangara, ta juya, ta fara saukowa da baya, bayanta cike da bututun haƙa. Ta tsaya a gabanta da ɗan nisa. Mai Rijiya ya diro, ya zaga ya duba bambar, ya dawo taga.

"Saura kaɗan ta yage," ya ce a hankali, don ita kaɗai ta ji. "In na ja ki ta gaba kawai, bambar za ta rabu, tirela ta tafi. Sai na kai sarƙa jikin tirelar kanta. Ta gefe ba za ta yi daidai ba, sai ta ƙarƙashinki."

"Ƙarƙashina?"

"Zan shiga in wuce da ita. Za ki iya riƙewa?"

Ta so ta ce masa ba ta san ko tana da sauran ƙafa ba. Ta ce, "Shiga."

Ya jawo doguwar sarƙa daga motarsa, ya kwanta rigingine a laka ya shige. Ƙaton mutum ne, motar kuma gajera, tana jin kafaɗarsa tana gogar ƙasan motar daidai inda take zaune, tana jin sarƙar tana bugun ƙarfe. Matar Kafinta ta daina magana, ta kifa goshinta a kan hannuwanta da ke gwiwar Gwaggo tana addu'a ƙasa-ƙasa. Gwaggo ta kafa ido a kan wani ɗigon ruwa da ke gangarowa a gilashi, ya sauka ta kama wani. Daga baya aka ji wani abu ya tsinke, motar ta yi tsalle baya kaɗan ta tsaya. Gefe ɗaya na bambar ne ya rabu.

"Mai Rijiya?"

Shiru.

"Mai Rijiya."

"Ina nan," muryarsa ta fito daga ƙasa. "Kafinta, karɓi bakin sarƙar. Ka zagaya da ita ta ƙarfen tirela, ba ta ƙugiya ba."

Ya fito ta baya, jikinsa duk ja da laka, kunnensa yana jini inda ƙarfe ya yanke shi. Ya duba ɗaurin, ya ƙulla wata gajeriyar sarƙa daga ƙugiyarsa zuwa gaban motarta, ya sake zuwa taga.

"Zan ja har sarƙa ta miƙe. In na danna ham, ki sauke birkin hannu, ki ɗage ƙafa gaba ɗaya. In kika riƙe, da ke zan yi kokawa. Ki riƙe sitiyari kawai."

Ya hau motarsa ya sa ta a giyar ƙarfi, wadda tayoyi huɗu ke ja tare. Babbar motar ta matsa gaba kamar ba ta so, sarƙar ta tashi daga laka tana ɗigar ruwa, ta miƙe ta yi tsam. Ham ya yi ƙara.

Gwaggo ta sauke birkin hannu. Ƙafar kuwa ta ƙi tashi. Tana ba ta umarni, ƙafar tana nan a dafe kamar ba tata ba. Ham ya sake ƙara.

"Matar Yaya, ɗaga mini ita."

Matar ta kama ƙwaurinta da hannu biyu ta fizge shi daga kan birki, ta ja da baya ta tura ƙofar. Motar ta yi baya kamar za ta tafi, sai Gwaggo ta ji an riƙe ta. Sannan ta fara tafiya gaba. Injin babbar motar bai ko ɗaga murya sosai ba. Nauyinta da na bututun da ke bayanta sun danne tayoyinta a ƙasa, suna cizon tsakuwa suna hawa a hankali, ta ja ƙaramar mota da tirela da injin katako duka, ta zagaya kwanar da su, ta haye.

A sama mutane suka kewaye su. Gwaggo ta buɗe ƙofa ta sa ƙafa a ƙasa, ƙafar ta lanƙwashe, sai da matar Kafinta da wata mata suka tare ta suka zaunar da ita a kan buhun wani. Aka kawo mata ruwa. Mai Rijiya ya tsaya a gabanta yana goge kunne da gefen riga. Ta jira tsokana, ba ta zo ba.

"Da kin jira ni," ya ce.

"Da ruwa ya jira ka?"

Ya juya ya dubi ƙasa, inda rufin shagon kaɗai da saman taga suke a waje. Kafinta yana can gefe a tsugune kusa da tayar tirela, ya ba kowa baya, kafaɗunsa suna motsi. Ba wanda ya je wurinsa.

Motar ta daɗe a gareji. Bakanike ya sa sabon kuloci, ya gyara lagireto, ya yanke bambar da ƙugiyarta ya jefar a tarin ƙarafa. Shasin baya ya lanƙwashe, ya gasa shi da wuta ya buga iya bugu, amma bai koma daidai ba. Tun daga lokacin motar a ɗan karkace take tafiya, wanda ke bin ta a baya sai ya ga kamar tana hararar gefen titi. Kafin ta fito daga garejin, Mai Rijiya yakan ba Gwaggo tasa a ranakun da ba ya fita. Ta tuƙa ta, ta ji daɗin yadda take ɗaukar siminti kamar auduga, har ranar da ta shiga wani lungu da katifun wata mata ta kasa fita, sai da aka cire wa wani gida ƙyaure. Ta mayar masa da makullinsa ta ce ta gode.

Ƙafarta ta dama ta yi kwanaki ba ta takuwa, har yanzu ma in gari ya yi sanyi takan tuna mata. Kafinta ya sami wani fili a saman gari ya kafa rumfa, injin yana aiki. Shi da ƙanwarsa ba su taɓa zama sun yi maganar ranar ba. In ta je gidansa yakan tambayi ƙafa, ta ce da sauƙi, ya ce madalla, a shiga wata hira.

Wata safiya ta iso bakin kasuwa ta tarar da shi yana jiran ta da katakai masu kauri, gogaggu, an shafe su da mai. Bai yi bayani ba. Ya hau bayan motar ya ɓamɓare ruɓaɓɓen daɓen da ke ciki, ya shimfiɗa sabo, ya bi shi da ƙusa ɗaya bayan ɗaya har rana ta take. Tana zaune a gindin bishiya tana kallo. Da ya gama ta taso ta zaga motar, ta shafa katakon, ta runtse ido ɗaya ta duba tsawonsa.

"Yaya, na gefen nan a karkace yake."

Ya sauko yana kakkaɓe hannu, shi ma ya runtse ido ya duba.

"Katakona a miƙe yake," ya ce. "Motarki ce a karkace."

Ya tattara kayan aikinsa ya zuba a baya, ya zaga ya buɗe ƙofar gefe ya zauna, ya ce ta sauke shi a rumfa, akwai masu jiran ƙofa.